Zaftarewar ƙasa: A nuna mana taswira kafin a turo katafila

Idan mai karatu bai manta ba, a ranar Talata 5 ga watan Nuwamba na shekarar 2024 ne ƙasa ta zaftaro a kan hanyar nan mai kwane-kwane da ta gangaro daga garin Dschang zuwa Santchou, a yankin Yammacin ƙasar nan. Zaftarewar farko hanya kawai ta toshe, motoci suka yi jerin gwano, aka kawo injuna ana ƙoƙarin kwashe ƙasar domin jama'a su wuce. Ana cikin wannan aiki ne ta biyu ta taho, ta rufta a kan motocin fasinja guda uku da injunan aikin da mutanen da ke tsaye suna jira. An tono gawarwaki fiye da 10. Hanyar ta rufe, ala tilas masu zuwa Duwala suka koma zagaye ta Bafang, kuma duk wanda ke da kayan gwari a mota a wannan mako ya san abin da zagaye ke jawowa.

Wannan kuwa ba shi ne na farko ba. Cikin daren 28 wayewar 29 ga Oktoban 2019, bayan ruwan sama na kwana da kwanaki, gefen tudu ya sulalo a kan gidajen unguwar Gouache da ke Bafusam mutane suna barci, aka rasa rai 43, da yawansu yara ƙanana. A ranar 27 ga Nuwamban 2022, a unguwar Damas ta birnin Yawunde, gaɓar ƙasa ta faɗo wa mutanen da suka taru zaman makoki a ƙarƙashin rumfuna, aƙalla mutum 14 suka rasu. Ba a cika shekara ba, ranar 8 ga Oktoban 2023, sai madatsar wani tafki da ke saman tudun Mbankolo, a nan Yawunden dai, ta ɓalle bayan ruwa mai ƙarfi, ruwa da laka suka share gidajen da ke ƙasa, aƙalla mutum 27 suka riga mu gidan gaskiya. Manya daga cikinmu za su tuna da na Limbe a shekarar 2001. Abin da ke biyo baya kullum iri ɗaya ne: manyan jami'ai su zo jaje, a raba barguna da buhunan shinkafa, a ce ai mutanen ne suka yi gini a inda aka hana, bayan mako biyu a shiga wani zance.

Na san wani Alhajin da ke zaune a rumfarsa a Mbaimbum ko Amchide zai ce, to mu ina ruwanmu da wannan, mu da muke a fili fetal, babu tudu babu kwari? Alhaji, ruwanka ne. Albasar da ka loda daga Marwa ba a Marwa za a cinye ta ba, sai ta ratsa tuddan kudu kafin ta isa Duwala ko kasuwar Kye-Ossi ta kan iyakar Gabon. Goron da kake jira daga tuddan Yamma da Arewa maso Yamma yake fitowa. Yaron da ka tura ya riƙe maka shago yana kwana ne a Yawunde, birnin da ake yi wa kirari da mai tuddai bakwai, ko a Bamenda, inda unguwa irin Sisia ke manne da jikin tsauni. Mangazar da ka biya wa kuɗin hayar shekara guda, wadda wataƙila ba ka taɓa ganin bayanta da idonka ba, mai yiwuwa an sare gindin tudu ne aka gina ta. Dukiyar ɗan kasuwar kan iyaka rabinta tana hannunsa, rabinta tana kan hanya ko a ɗakin ajiyar wani gari.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana shi ne, a yau akwai hanyar da ake gane cewa ƙasar da ke ƙarƙashin gini tana motsi tun kafin katanga ta tsage, kuma kayan aikin suna yawo a samanmu dare da rana ba tare da an nemi ko dala daga hannunmu ba. Ina nufin taurarin ɗan'adam masu ɗauke da na'urar radar.

Bari in yi bayaninta yadda na fahimta. Na'urar radar aikinta irin na jemage ne, wanda ke yin ƙara a cikin duhu, ƙarar ta bugi bango ta dawo masa, da haka ya san nisan bangon. Tauraron yana can sama, tazarar kusan kilomita 700, yana aiko da sigina zuwa ƙasa, siginar ta bugi rufin gida ko dutse ko gada ta koma masa, ya rubuta. Bayan kwana 12 sai ya sake biyowa ta daidai wannan wuri ya sake aunawa. Idan rufin ya ɗan matso kusa da shi ko ya ɗan yi nisa, to awon biyu ba za su zo daidai ba. Tsawon zangon siginar da tauraron Sentinel-1 na Turai ke amfani da ita santimita 5.6 ne, wato bai wuce tsinken ashana da wani abu kaɗan ba, kuma da ɓangaren wannan ɗan tsawo ake yin awon. Idan aka tara hotuna masu yawa, na shekara guda ko biyu, aka sa kwamfuta ta tace su, ana iya gane wurin da ke nitsewa ko gangarawa da 'yan milimitoci a shekara, abin da babu maginin da zai gani da ido komai ƙwarewarsa. Gajimare ba ya tare wannan sigina, duhun dare ma haka, saboda haka a tsakiyar damina, lokacin da kyamara ba ta ganin komai sai hadari, ita tana aikinta. Wani abin sha'awa kuma, rufin kwano yana cikin abubuwan da suka fi mayar mata da amsa da kyau. Ashe kwanon da talaka ya rufa don ba shi da halin dakali, shi ne ya sa tauraro ke ganin unguwarsa sarai.

Tarayyar Turai ce ta harba Sentinel-1 na farko a watan Afrilun 2014, ƙarƙashin shirinta mai suna Copernicus. Na biyu ya bi shi a 2016, ya lalace a ƙarshen 2021, aka harba wani a Disambar 2024, sannan wani a Nuwamban 2025. Bayanan da suke tarawa kyauta ne ga duk mai intanet a duniya. A ranar 30 ga Yulin 2025 kuma Amurka da Indiya suka haɗa gwiwa suka harba nasu mai suna NISAR, wanda siginarsa ta fi tsawo, kimanin santimita 24, don haka ta fi iya ratsa ganyayen itatuwa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga ƙasa mai duhun daji irin kudancin Kamaru. Tun daga 2022 Turawa suka haɗa taswirar motsin ƙasa ta nahiyarsu suka baza ta a fili, mutum na iya shiga ya duba layin gidansu ya ga ko yana nitsewa. Mu kuwa awon da aka yi wa Yawunde da Bafusam da Bamenda da Limbe na kusan shekara goma yana nan jibge a rumbun ajiya, sai wanda ya ga dama ya ɗauko ya tace.

Domin a san abin da barin irin wannan awo a rumbu ke jawowa, a dubi abin da ya faru a ƙauyen Xinmo na lardin Sichuan a ƙasar Sin. Da asubahin ranar 24 ga Yunin 2017 ƙirjin dutse ya ɓallo ya binne ƙauyen, mutum fiye da 80 suka mutu ko suka ɓace. Bayan an gama kuka sai wasu masana na Jami'ar Florence ta Italiya da abokan aikinsu suka koma suka tace hotunan Sentinel-1 na wurin, suka tarar cewa saman dutsen ya daɗe yana motsi, kuma a 'yan makonnin ƙarshe saurinsa ya ƙaru a fili. Tauraron ya gani, ya rubuta, amma babu wanda aka ɗora wa aikin karantawa.

To amma sanin cewa ƙasa na motsi rabin magana ne. Ɗan kasuwa abin da yake son ji shi ne, wannan ginin da kayana ke ciki zai jure ko ba zai jure ba? A nan ne aikin da aka yi a garin Lungro na kudancin Italiya ya burge ni. Garin yana zaune ne a kan tudu mai sulalowa a hankali. Masana na Jami'ar Salerno ba su tsaya ga hoton sama kawai ba, sai da suka bi gida-gida da ƙafa, suna duba tsagar bango suna ba ta daraja, daga gidan da babu komai har zuwa wanda ya kusa faɗuwa, suna kuma rubuta irin ginin, na dutse da ƙasa ne ko na kankare da rodi. Daga nan suka gwama abin da ido ya gani da abin da tauraro ya auna. Da haka suka iya cewa, gini iri kaza, idan gefensa ɗaya ya nitse fiye da ɗayan da kaza, to ga irin ɓarnar da ya kamata a sa rai. Abin lura a nan shi ne bambancin nitsewar. Ginin da ya sauka gaba ɗayansa daidai wa daida yana iya daɗewa lafiya lau, amma wanda kusurwa ɗaya ta sauka ta bar sauran, shi ne ke yagewa kamar tsohon zane.

Duk wanda ya san yadda ake gini a gangaren biranenmu ya san inda cutar take. Mutum ya sayi fili a jikin tudu saboda shi ne mai araha, ya ɗauko leburori su sare tudun a tsaye cak domin a sami wuri shimfiɗaɗɗe, ƙasar da aka sara a tura ta gaba a cike da ita, wani lokaci har da shara, a ɗora rabin gidan a kan ƙasa ta asali rabi a kan ciko. Ba a gina katangar tare ƙasa ba, in ma an gina, ba a bar mata 'yan ramukan da ruwa zai riƙa tsiyaya ba, sai ta zama madatsa. Harsashi bai kai gwiwa ba. Bulo ne aka jera ba ɗaurin rodi a sama da ƙasa. Ruwan rufi yana zuba a gindin bango, masai yana can ta sama yana jiƙa tudun shekara da shekaru, lambatun maƙwabcin sama kuma ya ƙare a bayan ɗakin maƙwabcin ƙasa. Sannan mu 'yan kasuwa mu zo da namu: tirela guda ta siminti buhu 600 ce, buhu kilo 50, tan 30 ke nan, a sauke ta a ɗakin da aka gina don mutum da matarsa da katifa. Shinkafa da gishiri da sukari duk haka nauyinsu yake. Tauraro ba zai gaya maka zurfin harsashi ba, ba zai ga masai ba, ba zai ƙirga buhu ba. Wannan sai ƙafa da ido. Amfaninsa shi ne ya nuna wa injiniya unguwar da zai fara zuwa, a maimakon ya yi ta lalube a birni mai mutum miliyoyi.

Kada wani ya ce wannan aikin Turai ne, ba zai yiwu a ƙasar baƙar fata ba. An yi shi a Bukavu, gabashin Kwango ta Kinshasa, birni mai tuddai da ruwan sama da gine-ginen kwano irin namu sak. A can akwai unguwar Funu, inda mutum fiye da 80,000 ke zaune a kan wani ƙaton yanki na tudu da ke gangarawa a hankali. Masana daga Beljiyam da na jami'ar Bukavu sun haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama na kusan shekara 70 da awon radar na 'yan shekaru, suka fitar da sakamakonsu a 2022. Abin da suka gano shi ne, yadda birnin ya cika da gidaje da hanyoyi, aka karkatar da ruwa yana taruwa a wasu wurare, shi ya ƙara wa wani sashe na tudun sauri. Wannan labari ne mai daɗi da ɗaci. Ɗacinsa, hannun mutane ne ya ƙara wa abin gudu. Daɗinsa kuwa, abin da magudanar ruwa ta ɓata, gyaran magudanar ruwa na iya rage shi, kuma gyaran lambatu ya fi tayar da unguwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani hanzari ba gudu ba, kada a ɗauka na zo tallar maganin kowace cuta. Na'urar tana da iyakarta, kuma gara a faɗa tun yanzu kafin wani ɗan kwangila ya zo ya sayar wa hukuma da abin da ba haka yake ba. Zaftarewar ƙasa iri biyu ce a taƙaice. Akwai mai rarrafe, wadda ke ɗaukar watanni ko shekaru tana tsaga bango tana karkata turakun lantarki. Wannan ita ce tauraro ya ƙware a kanta. Akwai kuma mai zuwa farat ɗaya, inda ruwan dare guda ke jiƙa fatar tudu ta sama ta sulɓe cikin 'yan daƙiƙoƙi. Tauraron da ke leƙowa bayan kwana 6 ko 12 ba zai buga wa kowa ƙararrawa a irin wannan dare ba, haka kuma ba zai hana madatsa ɓallewa irin ta Mbankolo ba. Inda ciyawa da ayaba da itatuwa suka rufe, siginar Sentinel-1 rikicewa take yi. Saboda yadda tauraron ke tafiya daga kudu zuwa arewa ko daga arewa zuwa kudu yana kallon gefe, ya fi ganin motsin da ya nufi gabas ko yamma ko ƙasa, wanda ya nufi kudu ko arewa kuwa da ƙyar yake kama shi. Kowane ɗigo na hotonsa ya kai kusan mita 5 a mita 20, ka ga ke nan shaguna huɗu ko biyar na iya haɗuwa a ɗigo ɗaya. Saboda haka duk wanda ya ce maka tauraro ya duba shagonka lamba kaza ya ce lafiya lau, ka riƙe kuɗinka. Abin da zai iya cewa shi ne, wannan gangaren yana tafiya, wancan yana tsaye, kuma ko wannan kaɗai babban abu ne ga mai shirin zuba miliyoyin sefa.

Abin da ya fi damuna ma ba iyakar na'urar ba ne, hannun da sakamakon zai faɗa ne. Abubuwa biyu nake tsoro. Na farko a ɓoye. A watan Janairun 2023 gidaje fiye da 800 suka tsattsage a garin Joshimath na ƙasar Indiya. Wata cibiya ta hukumar sararin samaniyar ƙasar ta fitar da rahoton farko da ke nuna cewa garin ya nitse da santimita 5.4 cikin kwana 12 kacal. Ba a jima ba aka cire rahoton daga intanet, aka kuma umarci cibiyoyin gwamnati da su daina magana da 'yan jarida a kan batun. Idan haka ta faru a ƙasar da ke harba taurarinta da kanta, me muke tsammani a inda takardar fili ɗaya ke da masu ita uku? Taswirar da aka kulle a durowar ofis, wanda ya san da ita kaɗai take yi wa amfani: ya sayar da filinsa na wurin haɗari ga baƙon da bai sani ba, ya saye na wuri mai kyau tun yana da araha. Baƙon kuwa sau da yawa ɗan kasuwa ne da ya zo daga arewa da kuɗinsa a hannu, yana sauri ya kama wuri.

Tsoro na biyu shi ne katafila. Dokar tsara birane ta ƙasar nan, mai lamba 2004/003 ta ranar 21 ga Afrilun 2004, ta riga ta ce ba a gini a filin da ke fuskantar haɗarin ambaliya ko zaizaya ko zaftarewa ko girgizar ƙasa, sai da sharuɗɗa na musamman. Doka ce mai kyau. Amma shekara 15 bayan sa mata hannu aka yi Gouache, shekara 19 aka yi Mbankolo. Waɗannan gidaje ba cikin dare guda suka tsiro kamar naman kaza ba. Wani ne ya sayar da filin, wani ya sa hannu a takardar ciniki, wani ya ja wutar lantarki, wani ya bi yana karɓar haraji. Idan abu ya faru sai a manta da duk waɗannan, a tuna da talakan da ke ciki shi kaɗai. Mutanen Yawunde ba su manta da yadda aka rushe unguwar Ntaba a 2008 ba. Muddin jama'a suka fahimci cewa jan launi a taswira ma'anarsa jan fenti a bango da wa'adin kwana kaɗan, to za su ƙi taswirar, za su ɓoye tsagar bango da filasta, za su kori duk wanda ya zo awo. Da haka sai ilimin da ya kamata ya ceci rai ya koma abin gudu.

Ra'ayina shi ne, kowane magajin gari da ke da unguwa a kan gangare ya nemi a yi masa wannan awo, sannan ya liƙa sakamakon a bainar jama'a, a ofishinsa da bakin kasuwa da tashar mota, a kuma karanta shi a gidajen rediyo da Faransanci da Turanci da Fulatanci da Hausa da harshen mutanen wurin. A kasa wuraren kashi-kashi, kada a yi musu kuɗin goro. Inda gyaran lambatu da katangar tare ƙasa za su wadatar, a fara da su. Inda ginin ne mai rauni, a gaya wa mai shi abin da zai ƙarfafa da nauyin da bai kamata ya wuce ba. Inda kuwa babu makawa sai an tashi, a nuna wa mutane inda za su koma kafin a nuna musu katafila. Ma'aikata ba sai an ɗauko daga waje ba. Jami'o'in Dschang da Buea da Yawunde ta Ɗaya suna koyar da ilimin ƙasa da duwatsu, ga Cibiyar Taswira ta Ƙasa, ga Cibiyar Binciken Ƙasa da Ma'adinai, ga kuma ɗalibai da ke neman abin da za su yi bincike a kansa. Abin da ake bukata kwamfuta mai ƙarfi ce da intanet da kuɗin zirga-zirgar masu bin gida-gida, wanda duka bai kai kuɗin motar alfarma guda ɗaya ta wani babban jami'i ba.

Na san masu gidajen haya da dillalai ba za su so wannan magana ba. Za su ce ranar da aka liƙa taswira, ranar darajar gidajensu za ta faɗi, wanda ya tara guminsa na shekara talatin ya gina zai wayi gari ba mai haya. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, kuma shi ya sa na ce gyara ya zo tare da taswira. Sai dai a tuna, asarar tana nan ko an liƙa ko ba a liƙa ba, tambayar kawai wa zai ɗauke ta. A yau mai haya ne ke ɗauka, shi da ya biya shekara guda gaba, ya zuba kayan da rabinsu bashi ne, babu inshora, ya kwantar da yaronsa a ciki yana gadi. Wasu kuma za su ce ai komai ƙaddara ce, wanda kwanansa ya ƙare ko a kan katifa sai ya tafi. Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma ban taɓa ganin Alhajin da ya bar mangazarsa a buɗe ya tafi gida don ya yi imani da ƙaddara ba. Kwaɗo biyu yake sawa, ya ɗauki maigadi, sannan ya ce Allah ya tsare.

Kafin hukuma ta motsa, ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da na direbobi da sarakunan Hausawa na garuruwan kudu suna da abin yi. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗi ta yi wa mamba gudummawar biki ko ta fitar da kaya daga hannun duwan, tana iya rubuta wa magajin gari takarda ta tambaye shi ko an taɓa auna gangaren da kasuwa ko mangazu ke kai, tana kuma iya biyan injiniya ya zagaya ɗakunan ajiyar mambobinta sau ɗaya a shekara. A ƙarshen shekara ne majalisun ƙananan hukumomi ke zaman kasafin kuɗi, lokacin ne takarda irin wannan ke da amfani. Shi kuma mai kama haya, kafin ya biya, ya zagaya bayan ginin da kansa ko ya tura wanda ya amince da shi. Ya duba ko an sare tudu a tsaye a bayan bango, ina ruwan rufi ke zuwa, akwai sabuwar filasta a wuri ɗaya da ke nuna an rufe tsaga. Tsagar da ta tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, mai faɗi a gefe ɗaya, ta fi siririyar tsagar filasta haɗari. In an ga tsaga, a shafa ɗan siminti a kanta a rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya sake tsagewa, ginin yana tafiya. Ƙofar da a da take rufuwa lafiya yanzu sai an sa kafaɗa, turken lantarki ko itacen da ya fara sunkuyawa, ruwa mai laka da ya ɓullo a inda ba a saba ganin ruwa ba, duk waɗannan saƙo ne, kuma ranar da aka gan su cikin damina a fara fitar da mutane, kaya su biyo baya.

Ga direbobinmu da yaran mota kuma, abin da ya faru a hanyar Dschang ya isa darasi. Idan ka tarar ƙasa ta zaftaro ta tare hanya, kada ka matsa gaba ka kashe mota a gindin wurin don kana son ka zama na farkon wucewa in an buɗe. Tudun da ya saki sau ɗaya bai gama ba, musamman in ana ci gaba da ruwa ko ana tone gindinsa da inji. Ka ja baya sosai, ka sauke fasinja nesa da gangaren, ka buga wa na bayanka waya su tsaya tun daga gari. In aka lura, Gouache da Damas da Mbankolo da Dschang duk a watannin Oktoba da Nuwamba suka faru, wato ƙarshen damina a can, lokacin da ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi. Watannin Disamba zuwa Fabrairu, da ruwa ya ɗauke, su ne na yashe lambatu da gina katangar tare ƙasa da sauya wa kaya masu nauyi wuri, kuma a cikinsu ne ya kamata mai haya ya zauna da mai gida a yi maganar wanda zai biya kuɗin gyaran kafin a sabunta yarjejeniya.